Gumbar Inna a Cheras

Shekarata biyu da 'yan watanni a Kuala Lumpur lokacin da Inna ta rasu, kuma har a lokacin ban san sunan ko mutum ɗaya a benen da nake zaune ba. A hawa na sha ɗaya nake, cikin wani dogon gini a unguwar Cheras, ɗaki ɗaya da falo da kicin ɗin da in ka juya sai gwiwar hannunka ta bugi bango. Maƙwabtana kusan duk 'yan asalin China ne, yawancinsu tsofaffi. In mun haɗu a lif sai su zuba wa lambobi ido, ni ma in zuba. Ni da na taso a gidan da ba a rufe ƙofar zaure sai an yi isha, ga ni inda kowace ƙofa take da ƙyauren ƙarfe a gabanta da kwaɗo biyu.

Karatun da ya kai ni ma bai taimaka ba. Ni malamar tarihi ce a wata kwalejin ilimi, na zo da niyyar rubuta digirina na uku a kan cinikin hatsi. Farfesar da aka haɗa ni da ita, wata 'yar Malay mai sanyin murya da taurin kai, ta ce ita abin da take so shi ne abinci da abin sha a tatsuniyoyin Girkawan dā: me ake ba gumaka, me ake ba matattu. Na ce to, tunda ba ni na kawo kaina ba. Haka na wayi gari ina karanta yadda gumakansu suke da wani abinci nasu da wani abin sha da suka ce yana hana mutuwa, da yadda in an yi yanka ake ƙona musu ƙashi da kitse mutane su cinye tsokar. Akwai labarin uwar hatsi, wadda aka sace mata 'ya ta daina ci ta daina sha, aka miƙa mata giya ta ƙi, sai da aka dama mata garin sha'ir da ruwa da na'a-na'a. Ranar da na karanta wannan na ce a raina, ashe su ma kunu suke ba mai baƙin ciki.

Amma babin da nake kai a wannan shekarar na matattu ne. Su Girkawa in za su ba mamaci abinci rami suke haƙawa, su zuba madara da zuma, su zuba giya, su zuba ruwa, su barbaɗa garin sha'ir. Kuma mai rai ba ya ɗanɗanawa. Ya zuba ya juya ya tafi. Na rubuta shafuka da yawa a kan wannan, ina rubutawa ina istigfari.

'Yan Najeriyar da ke garin sun ji labarin aikina, suka sa mini suna Balaraba mai gumaka. Da wasa suke faɗa, amma na lura tun daga nan gayyata ta ragu. Masu karatun lissafi da kwamfuta da tattalin arzikin Musulunci ne, ni kaɗai ce a cikinsu mai yawo da hoton tulun giya a jaka.

A goman ƙarshe na azumi yayana, Yaya Sule, ya kira ni bayan na yi sallar azahar. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Balaraba, sai haƙuri. Inna lokaci ya yi." Fasfona a lokacin yana ofishin da ke sabunta mana biza, sati na biyar ke nan. Washegari na je na tsaya a gaban gilashin, yarinyar da ke wajen ta ce mini tana baƙin ciki ƙwarai, amma ba a fitar da fasfo sai an gama. Ban yi mata faɗa ba, ba laifinta ba ne. Na fito na zauna a tashar bas, bas uku suka wuce ban hau ba.

Sai an san wace ce Inna kafin a gane abin da na yi daga baya. A unguwarmu duk wanda ya mutu, Inna ce take daka gumbar sadakarsa ta arba'in. Ba sana'a ba ce, ba wanda ya ɗora mata. Da an yi rasuwa za ta fara ƙirga kwanaki da yatsu, ana gobe arba'in ta surfa gero ta wanke ta jiƙa, da safe ka ji lugude a tsakar gidanmu. Ta daka wa mai kuɗi, ta daka wa mahaukaciyar bakin kasuwa da ba a san danginta ba. Ta kan ce a raba da wuri, a tabbata an ci, don sadakar da ba a ci ba ba ta isa ko'ina ba.

Da aka yi kwana ashirin na kira Yaya Sule na tambaye shi wa zai daka ta Inna.

Ya ce, "Mun daina wannan a gidan nan. Ba shi da asali. Ki yi mata addu'a."

Na ce, "Yaya, matar da ta daka wa gari guda?"

Ya ce, "Allah ya ba ta ladan niyyarta. Ki gai da karatu."

Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa ba a ranar. Ba na jayayya da iliminsa, ya fi ni karatun addini. Amma na ajiye wayar na ce ko a bangon duniya nake sai an ci gumbar Inna.

Matsala ta farko gero. A wannan ƙasa shinkafa ce safe, shinkafa ce rana. Akwai wani ɗan Najeriya da ake ce wa Ɗanliti mai kaya, wanda yake kawo wa ɗalibai daddawa da kuka da kilishi, kuma bai taɓa cewa babu ba. Na kira shi ya ce, "Gero? Haba Hajiya, na Dawanau ma kuwa." Muka yi alkawari a wani titin kasuwa da ake kira Jalan TAR, gaban wani kantin atamfofi. Na tsaya awa biyu cikin zafi, masu sayen mayafai suna ture ni, sannan ya ɓullo a kan babur ya miƙo mini baƙar leda ɗaurarriya ya ce yana sauri. Sai da na isa gida na kwance. Wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne rawaya masu sheƙi, gauraye da 'ya'yan wani abu baƙi. A ƙasan ledar har da guntun takardar da bai gama yagewa ba, da hoton aku a jiki. Abincin tsuntsu ya sayar mini. Na kira shi ya fi sau goma, wayar tana shiga ba ya ɗauka. Allah ya isa ban yi ba, amma na kusa.

Farfesata ce ta ce in gwada Brickfields, unguwar Indiyawa. Na sauka a babbar tashar jirgin ƙasa na bi kantuna ɗaya bayan ɗaya, ina nuna hoton zangarniyar gero a waya. Wasu su girgiza kai, wasu su nuna mini dawa. A wani ɗan kanti mai warin kori da turare, wani tsoho mai farin gashin baki ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, sai ya ce, "Kambu," sunan gero ke nan a yarensu. Ya shiga can ciki ya jawo buhu. Na zura hannu na damƙo. Gero ne, geronmu, har ƙamshin rumbu yake. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, a tsaye a gaban buhu, ga mutane suna jiran a auna musu wake. Tsohon ya auna mini, ya ƙara gwangwani guda a kai, ya ɗaure ledar da kyau. A wajensa na sayi citta da kanumfari, da wani ɗan turmin dutse irin wanda suke daka barkono, da 'yar taɓaryarsa da ba ta fi tsawon tafin hannu ba.

Turmin nan cikin hannu biyu yake ɗauka. Ana gobe arba'in na zauna a ƙasan kicin tun hantsi ina surfe kaɗan-kaɗan, ina bakace da murfin tukunya. Ban yi rabin awa ba na ji ana bugun silin ɗin ƙasa da sanda, daidai inda nake zaune. Na shimfiɗa tawul na ci gaba. Can sai ga bugun ƙofa. Wata tsohuwa ce 'yar gajeriya, da wandon barci mai furanni da gashi fari an yanke shi gajere. Na sha ganinta a lif. Ta nuna ƙasa, ta nuna kanta, ta yi ta faɗa da Turancinta na guntu-guntu: ita ce a ƙasana, kanta yana ciwo, me nake fasawa? Na ba ta haƙuri na ce abinci nake yi. Ta leƙa ta ga turmin, ta ce, "Injin markaɗe akwai ai." Ta juya ta tafi. Daga baya na ji mai gadi yana ce mata Anti Lim.

Injin markaɗe akwai, gaskiyarta. Amma Inna ba ta taɓa kai gumba inji ba. Na ɗora turmin a kan filo na ƙarasa.

Ranar arba'in da safe na daka, na sa sukari da citta da kanumfari, na dunƙula. Hannuna ya yi kanta, kafaɗata kamar ba tawa ba. Curi talatin da 'yan kai suka fito, ba su yi santsin na Inna ba amma gumba ce. Na jera su a roba mai murfi, na yi wanka na sa atamfa, na hau jirgi zuwa gidan Malam Nasiru, shugaban ɗalibanmu, inda mata suke haɗuwa ranar Asabar.

Ba zan yi musu ƙarya ba, mutanen kirki ne. Da aka yi rasuwar sun zo mini gaisuwa mota biyu, matarsa Maman Hanif har kwana ta yi a wajena. Ta tare ni da murna, ta buɗe robar ta ce, "Lah, gumba! Rabona da ita tun ina amarya." Har ta kai hannu. Sai ni da bakina na ce, "Ta arba'in ɗin Inna ce."

Hannun ya tsaya. Ta ce bari ta zo, ta shiga ciki wajen mijinta. Da ta dawo ba ta iya kallona ba.

Ta ce, "Anti Balaraba, don Allah kar ki ji wani iri. Malam ya ce in da ba ki ƙirga kwanaki ba da ba komai. Ya ce ki bari wata rana ki yi sadakarki haka nan, duk za mu ci."

Na ce, "Gero ne da sukari, Maman Hanif."

Ta ce, "Na sani."

Na dubi sauran matan, su shida. Wata tana gyara wa 'yarta ɗankwali, wata ta duƙufa a kan waya. Da na yi shiru da bakina da tuni sun cinye har suna neman ƙari, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Na rufe robata. Suka ce in tsaya a ci abinci, na ce ina da aiki. A jirgi na rungume robar a cinya, na yi ta kallon gine-gine suna wucewa. Kaɗaici na sha shi a ƙasar nan iri-iri, amma na ranar daban ne, don da Hausa aka ƙi ni.

Da na dawo Cheras azahar ta wuce, ga zafi, ga gumba ɗanya ba ta jira. Na ce to, maƙwabci ai maƙwabci ne, ko wane ne shi. A gida yara ake ba su kai gida-gida, a nan ni ce yaran. Na sayi farantan takarda a kantin ƙasa, na sa curi bibbiyu, na bi ƙofofin hawanmu da na ƙasa da mu ina ƙwanƙwasawa. Ina jin motsi a ciki, ina ganin inuwa a ɗan ramin leƙe, ba wanda ya buɗe. Sai na riƙa ajiyewa a ƙasa a bakin ƙyauren, yadda in mutum ya fito zai gani. Faranti goma sha huɗu na ajiye. 'Yan curin da suka rage na bar su a roba, na koma ɗaki na kwanta.

Abin da ban sani ba, watan nan a wajen 'yan China watan matattu ne. Na ga ana ƙona takardu a cikin garwa a bakin titi, na ga lemo da shinkafa da turaren tsinke a gefen kwata, na ɗauka wani bikinsu ne. Ni da nake rubuta babi guda a kan abincin matattun mutanen da suka shuɗe shekaru dubbai, ban tambayi na maƙwabtana ba. A irin wannan wata mutum ya buɗe ƙofa ya ga farin abinci a ƙasa a bakin gidansa, ba wanda ya san mai ajiyewa.

Hayaniya ce ta tashe ni bayan la'asar. Na fito baranda na ga ƙofofi a buɗe, wani dattijo yana watsa ruwa a bakin ƙofarsa yana ta faɗa, farantan babu ko ɗaya. Na leƙa ƙasa. Can a gefen kwata, tsakanin lemo da toka, na hango su a jere, fari tas. Anti Lim tana tsugune tana soka turaren tsinke a cikin gumbar Inna.

Ban jira lif ba. Hawa goma sha ɗaya na sauka da ƙafa, ba takalmi. Na iso ina haki na fara fizge tsinkayen ina jefarwa, ina tattara farantan. Toka ta riga ta zuba a kai, tururuwa sun hau.

Ta riƙe mini hannu. "Kar ki taɓa. Na matattu ne."

Na ce, "Nawa ne. Ni na yi."

Ta ce, "Na sani. Na ji ki jiya, bum bum bum. Mutane sun tsorata, suna so su kira 'yan sanda. Na ce a'a, ba mugunta ba ce, baƙuwa ce ba ta sani ba. Wa ya mutu?"

Na ce, "Uwata."

"To shi ne na kawo mata nan. Ta ci."

Taimakona ta yi, har ga Allah taimakona ta yi, kuma wannan ne ya karya ni. Na zauna a kan dakalin kwata da atamfata na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar. Kwana biyu ina daka, ga inda abin ya ƙare: an zuba a ƙasa, an juya an tafi. Ina kuka ina yi mata bayani, rabi Turanci rabi Hausa. Na ce uwata ba ta jin yunwa, ba ta cin gumba yanzu. Masu rai ne za su ci, su ji daɗi, Allah ya kai mata ladan. In ba a ci ba, ban yi komai ba.

Anti Lim ta nuna lemon da shinkafar da ke gefen titi ta ce, "Wannan na waɗanda ba su da kowa ne. Ba a ci. Wanda yake da 'ya'ya, a cikin gida ake ajiye masa, a kan tebur, bayan nan dangi su zauna su cinye. Uwarki tana da ke. Don me za ki ajiye ta a ƙasa?"

Na share hawayena da gefen atamfa.

Ta ce, "Ina danginki? Ki kai musu."

Na ce, "Na kai. Ba su ci ba."

"Miji? 'Ya'ya?"

"Ni kaɗai ce a nan."

Ta yi wani ɗan tsaki, ba na raini ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta karkaɗe wandonta. Ta ce, "Waɗannan sun tafi, bar su. Akwai saura a sama?"

Muka hau lif tare, ni ba takalmi, ita tana kallon lambobi. A ƙofata ta tuɓe silifas ɗinta ta shiga, ta dubi falon, tebur cike da littattafai da hotunan tuluna, ta ture su gefe da bayan hannu. Ta ce in kawo faranti na gaske, ba na takarda ba. Na kawo na tangaran guda ɗaya da nake da shi, na juye curi biyar ɗin da suka rage. Ta sa shi a tsakiyar tebur ta zauna.

Ta tambayi sunan Inna. Na ce Hauwa'u. Ta gwada sau biyu bai fito ba, ta bar shi a "Hawa". Ta ce shekarunta nawa, na faɗa mata, ta ce ita ta girmi Inna da shekara uku. Ta ce ita ɗanta yana Ostireliya, yana kira ranar sabuwar shekara.

Sannan ta ɗauki curi ɗaya, ta juya shi, ta sansana. Na ga hannunta ya ɗan tsaya a hanya. Watansu na matattu ne, lokacin da ko kallon irin wannan abincin ba ta so, kuma ni ba danginta ba ce, ta faɗa da bakinta cewa dangi ne suke ci. A raina na yi bisimilla a madadinta, na ce Allah ka kai ladan kabarin Inna.

Ta gutsura. Haƙoranta na roba ne, gumbar kuma ba ta daku sosai ba, ina jin tsakin yana ƙara a bakinta. Ta tauna ta tauna, citta ta kama ta, idonta ya kawo ruwa. Na miƙa mata ruwa ta sha, ta ƙarasa curin duka, ta tsince ɓurɓushin da ya zuba a cinyarta ta sa a baki.

Ta ce, "Ba daɗi."

Na yi dariya da hawaye a fuskata, na ce na sani.

"Uwarki ta fi ki iyawa?"

Na ce, "Nesa ba kusa ba."

Ta gyaɗa kai. Ta turo farantin gabana ta ce da yaren Malay, "Makan," wato ci. "Ke ma ki ci." Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu.